Daraktan da Ya Tara Iri a Gona Ɗaya

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a nan tsaunukanmu na Huancavelica. Ba zan faɗi sunansa ba, domin yana da rai.

Mutanen ƙauyukansu manoman dankali ne. Ba su da titi, ba su da asibiti, amma suna da irin dankalin kakanni har kala ɗari uku. Da irin ya fara ɓacewa, sai aka kafa wata 'yar ƙungiya mai zaman kanta don ta tsare shi. Mutumin nan da ɗaukar buhu ya fara aiki a cikinta. Wadda ta kawo shi ita ce Mama Teodosia, uwarsa ta baftisma, mai gane kowane iri da ido. Ita ta koya masa aiki, ita ta tsaya masa har ya zama darakta.

Ga yadda suke yi. Irin dankali ba ya ajiyuwa, dole a shuka shi kowace damina. Saboda haka sukan rarraba shi ga gidaje arba'in, wasu a kwari, wasu a gangare, wasu can ƙolin dutse. In ƙanƙara ta daki wannan gona, sai ta bar waccan.

To, duk baƙon da ya zo daga Lima, babban birnin ƙasa, Mama Teodosia yake nema. Ita ake yi wa tambaya, ita ake ɗauka hoto. Abin ya tsaya wa darakta a rai. Da takarda ta zo ana gayyatar Nemesia, malamar gonarsu, zuwa ƙaro ilimi, sai ya jefa takardar a aljihun tebur, don kada Nemesia ta dawo ta fi shi.

Daga nan ya ba da umarni a karɓo irin duka, a shuka a gona ɗaya bayan ofis, a kafa allo mai sunansa.

Mama Teodosia ta ce, "Ɗana, ƙanƙara ba ta karanta allo."

Ya ce, "Mama, a ofis Darakta nake."

Ta ce, "To, Darakta. Ran da buhu ya kayar da kai a gangare, wa ya ɗaga ka?"

Ma'aikata suka yi dariya. Wannan dariyar ce bai yafe ba. Mako na zagayowa ya shirya mata walimar ritaya, ya yafa mata sabon bargo, ya yabe ta a gaban jama'a, ya sallame ta. Nemesia ta ga haka, ta ajiye aiki. Waɗanda suka rage suka koyi cewa "Haka ne, Darakta."

Gonar ta yi fure gwanin sha'awa. Baƙi suka zo, aka ɗauke shi hoto, har aka yi masa alkawarin babban muƙami a Lima. Wa zai ce bai ci nasara ba?

Wata rana da la'asar gari ya haɗe. Ƙanƙara ta sauko, ba ta kai rabin sa'a ba. Yana tsaye a bakin taga yana kallo. Abin da ta bari, ruɓa ta ƙarasa.

Ya hau dutse gida-gida yana tambaya ko wani ya rage wani abu. Suka ce, "Ai kai ka ce mu kawo duka."

A ƙarshe ya je gidan Mama Teodosia. Ba ta yi masa gori ba. Ta zuba masa miya, ta nuna masa kala goma sha ɗaya da ta ɓoye a bayan ɗaki. Ta ce, "Ci, ɗana. Sauran kuwa sunayensu kawai suka rage, su ma a kaina suke, ga shi na tsufa."

A nan ya gane cewa ba shi da abin da zai mayar wa mutanen.

Ƙungiya ta rufe. Lima ba ta sake kiransa ba. Yau yana ɗaukar buhu a kasuwar Huancayo.

Ya 'yan uwa, ƙanƙara ce ta kashe irin nan? Ƙanƙara tana sauka kowace shekara. Hassada ce ta tara mata shi wuri ɗaya. Kai da aka ba shugabanci, wa ka kora don ya fi ka sani? Takardar wa take kwance a aljihun teburinka? Fito da ita yau, domin akwai ɓarnar da tuba ba ya gyarawa a duniya.

Allah ya kiyaye mu daga hassadar na ƙasa da mu. Amin.