Kan Tarwadar Barau

Ku gyara zama, yau rigima na kawo muku, kuma ba ni zan raba ta ba.

A Wudil an yi wani Barau, tsohon direban tifa. Da bayansa ya gaji da kujera, sai ya sayar da motar, ya gina kwami a bayan gida, ya zuba 'ya'yan tarwada dubu biyu. Kullum da safe yana tsugune a bakin ruwa, yana yi musu hira kamar jikokinsa.

Ana nan sai gyambo ya fito wa kifayen, cikinsu ya kumbura. Kowace safiya sai ya tsame gawa goma. Ya zuba kafso, ya ƙara kafso, cutar ko gezau. Ya je majalisa ya rantse: "Duk wanda ya cece min su, ranar kamu kan babbar tarwada nasa ne, har da romo."

Ƙanwarsa Lantana tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibitin dabbobi. Ta tafi da gawa ɗaya a leda, ta dawo bayan kwana uku. Ta ce, "Yaya, ƙwayoyin cutar nan sun mai da kafsonka karin kumallo. Amma na ɗiga musu man kanumfari a faranti, duk inda ya taɓa sun mutu. Ga awon, kada ka wuce shi."

To, man da ke kasuwa rabinsa na gyaɗa ne. Sai amininsa Tanimu mai haɗa turare ya ɗora tukunyar kanumfari, ya jona bututun tagulla, ya kwana biyu yana tsaron tururi yana komawa ɗigo, har ya cika 'yar kwalba. Ya miƙa ta yana cewa, "Barau, da tsufana ka mai da ni mai turaren kifi. Saura ka ce in sa musu kwalli."

Barau ya yayyafa man a abincinsu. Kifaye suka shinshina, suka juya wutsiya. Ga magani a hannu, majinyaci ya rufe baki. Sai maƙwabciyarsa Iya Kande mai ƙuli-ƙuli ta leƙo ta katanga. "Malam Barau, kai ma ai sai an ɓoye maka magani a tuwo kake sha. Miƙo nan." Ta murje man da tunkuza da daddawa, ta mulmula ƙanana ta watsa. Nan take ruwa ya kama tafasa da wawaso.

Kifaye suka warke, suka yi ƙiba. Ranar kamu, babbar ta kai tsawon hannun Barau. Aka yi farfesu, su uku suka zauna, kowa da kwanonsa. Barau ya tsaya da ludayi yana dariya yana gumi, don kan tarwada ƙashi guda ne kamar kwalkwali, ba ya rabuwa uku.

Romo dai yana hucewa. To, a kwanon wa za ku ce ya sauke kan nan?