Rumbu Mai Faɗi, Faifai Ƙarami

Akwai wata mata mai zurfin ilimi, masaniyar irin shuka, wadda take aiki a wata cibiyar binciken noma. Sunanta ya kai nesa, gama ba a taɓa jin ta yi alkawari ta saɓa ba.

Wata shekara manoman garinsu suka kawo mata kuka a kan wuta-wuta, ciyawar nan da take tsotse dawa tun daga saiwa. Sai ta miƙe a gaban dattawa a harabar majami'a, ta ce, "Ku ba ni samfurin kowane irin da kuke da shi. Kafin ruwan shuka ya sauka, zan faɗa muku wanda zai jure."

Aka kai samfurin ɗakin gwaji, aka karanta rubutun gādo da Mahalicci ya sa cikin kowace ƙwaya, aka aiko mata da shi a fayil guda mai girman gaske. Amma kafin ta iya gwama iri da iri, dole ne ta juya fayil ɗin zuwa tsarin da manhajarta take ganewa.

Ta ba kwamfutarta umarni. Na'urar ta kama aiki, ta yi ta huci, can sai ta tsaya cak, ta nuna cewa ƙwaƙwalwarta ta cika. Matar ta sake gwadawa, haka. Ta kuma sakewa, haka.

Ana cikin wannan, babban dattijon garin ya kira ta a waya, ya ce, "'Yata, gawo ya fara kaɗe ganye, gabas kuwa ta fara duhu. Mu jira ki, ko mu shuka abin da muka saba?"

Ta ce, "Ku jira ni, Baba."

To, a ofishin da yake kusa da nata akwai Damaris, ƙawarta tun makarantar kwana, wadda irin wannan aiki shi ne fanninta. Sau da yawa matar ta kai bakin ƙofa ta komo, tana cewa a ranta, "In je in ce na kāsa? Ni da na tsaya a gaban dattawa?" Sai ta yanke shawara ita kaɗai cewa kaya ne suka yi wa na'urar yawa, ta shiga sharewa. Ta share tsofaffin darussanta. Ta share hotunan bukukuwa. Aikin bai wuce ba.

Abu mafi girma da ya rage shi ne bidiyon mahaifiyarta marigayiya, tana rera waƙar yabo a Kirsimetinta na ƙarshe, ba kuwa wanda yake da irinsa. Matar ta daɗe tana dubansa. Sai aka yi cida daga gabas. Ta runtse ido, ta share.

Ta sake ba da umarni, na'urar ta kama aiki, ta yi huci, ta tsaya daidai inda ta saba tsayawa.

Damaris ta leƙo ta ce mata, "Maman Tabita, lafiya? Tun safe injin nan yake nishi kamar jakin da aka yi wa lodin gishiri."

Matar ta so ta ce lafiya lau, amma bakinta ya ƙi. Ta faɗa mata duka.

Damaris ta riƙe haɓa ta ce, "Wayyo, ƙawata! Ke da kike kwashe na ɗaya a aji, ki bar mu da kuka? Rumbu kika share, alhali faifai ne ya cika! Inda na'ura take ajiya daban, inda take ɗora abin da take aiki a kai daban. Fayil ɗin nan kuwa a matse yake, in an buɗe shi sai ya kumbura kamar garin rogo a ruwa. Wa ya taɓa juye rumbu guda a faifai don bakace? Gādon dawa dami goma ne. Ki ba na'urar dami ɗaya, ta gama ta ajiye, sa'an nan ki ba ta na biyu."

Haka suka yi, aikin kuwa ya tafi sumul. Kafin ruwan shuka matar ta aika wa dattawa da sunan irin, suka shuka, suka sa mata albarka. Da ta roƙi Damaris ta komo mata da bidiyon, sai Damaris ta duba, ta girgiza kai ta ce, "Sabbin fayiloli sun riga sun hau wurinsa."

Ma'anar wannan misali ita ce: fayil ɗin nan shi ne nawayar da take gabanmu, wato makomar 'ya'ya, da ciwo, da alkawuran da muka ɗauka a gaban jama'a. Rumbu alherin Ubangiji ne, wanda ba ya cika, ba ya ƙarewa. Faifai kuwa zuciyar ɗan adam ce, wadda aka yi ta daidai rabon yini guda. Duk wanda ya juye mata damuwar shekara a sa'a ɗaya, za ta tsaya cak, kome yawan iliminsa.

Ku lura kuma da abin da mukan yi sa'ad da ta tsaya. Mukan ce ba mu da sarari, sai mu shiga sharewa. Mu share addu'ar safe, mu share zumunta, mu share zama da iyaye tun suna da rai. Nawayar kuwa tana nan inda take, gama ba waɗannan ne suka cika mu ba.

Suna mai kyau abin tsarewa ne, kada kowa ya rena shi. Amma ba a tsare shi da rufe ƙofa. 'Yan'uwa ƙaunatattu, in faifanku ya cika, ku sauke, ku ɗauki damin yau kaɗai, ku kuma ƙwanƙwasa ƙofar da Allah ya sa kusa da ku tun ba ku taɓa rumbu ba. Matar nan ta tsira da sunanta, har yau ana ambatonta da girmamawa a garinsu. Amma kowace Kirsimeti, in mawaƙa suka ɗauko waƙar nan, takan kasa kunne, tana neman muryar mahaifiyarta a cikin ranta, kowace shekara kuwa muryar sai ƙara nisa take yi.