Fankar da aka kafa a kan karal

Akwai wata baiwar Allah a Garuwa mai suna Karimatu, ma'aikaciyar wani kamfani da ke kafa manyan fankokin nan da iska ke juyawa su ba da wutar lantarki. Aikinta shi ne auna ƙasa, ta ce nan za ta ɗauki nauyi, nan ba za ta ɗauka ba. Da wannan aikin take riƙe mahaifiyarta.

Aka tura su wani ƙauye kusa da Mayo-Oulo. Shef ɗinsu, wato shugabansu a wurin aiki, Norbert, ya zaɓi wani fili a bakin titi, wai iska ta fi ƙarfi a wurin, kuma duk babban da ya wuce a mota zai gani.

Karimatu na cikin kafa turakun awo sai ga wani tsoho, Baba Hamadu, mai gona a gefen filin.

Ya ce, “'Yata, nan karal ne, baƙar ƙasar da muke dasa dawar rani. Da damina ta kumbura, da rani ta tsage har ƙafar saniya ta shige. Ko rumbu ba ma ginawa a nan.”

Ba ta raina maganarsa ba. Wata biyar tana komawa duba turakun, ta tarar uku sun nutse, ɗaya ya karkace. Ta rubuta komai ta kai wa Norbert.

Kun san abin da mutumin nan ya yi? Ko buɗe takardar bai yi ba.

Ya ce, “Madam, ni da na yi karatu a Turai, mai fartanya ne zai koya mini aiki? Sa hannu ki ce ƙasa lafiya lau.”

Ta ce, “Shef, ka yi haƙuri, ba zan sa hannu a kan abin da ban gani ba.”

A ranar ya kore ta, ya sa hannun da kansa. Bai tsaya nan ba, sai da ya bi ofis-ofis yana cewa ba ta iya aiki ba. Wallahi abin da ciwo. Mace ta faɗi gaskiya, ta koma tuyar ƙosai a unguwar Poumpoumré, tsofaffin abokan aikinta na wucewa a kan babur suna kawar da kai.

Aka kafa fanka, aka yi biki, aka ɗauki hotuna. Damina biyu kacal ta yi. Ƙasa ta zauna ta gefe guda, siminti ya dare, wata safiya ƙarfen fankar ya kwanta a gonar Baba Hamadu. Allah ya tsare ba kowa a wurin.

Da masu bincike suka zo, Norbert ko kunya babu ya ce, “Ai Karimatu ce ta auna.”

Aka kira ta. Ba ta yi masa ko kallon banza ba, ta dai miƙa kwafin rahotonta mai kwanan wata. Aka ajiye shi kusa da takardar da ya sa wa hannu, aka ce ya karanta duka biyun da ƙarfi a gaban kowa. A layi na uku kowa ya gane wanda ya yi ƙarya.

Aka sallame shi. Ita kuma aka mayar da ita bakin aiki, aka ce ta nemo wa ƙauyen sabon wurin kafa fanka.

Darasi: Girman kai ba ya sa ƙasa ta yi ƙarfi. Ku saurari mutanen wuri, kuma kada ku sa hannu a kan ƙarya ko da abincinku na hannun mai ba da umarnin. Ku tura wa wasu su ma su karanta.