Sunan Da Inna Kaltume Ta Kasa Faɗa

Akwai wani direba a Unguwar Shanu, wai shi Sabo, mai jan gingimari daga Kaduna zuwa Maraɗi tun zamanin Turawa, wajejen 1956.

Wata rana ya ɗauki wata tsohuwa, Inna Kaltume. An aiko mata cewa ɗanta na kwance a Maraɗi, jiki ya yi tsanani, ita kaɗai yake nema.

Da suka wuce Jibiya suka isa kan iyaka, aka sauke kowa. Baturen Faransa na zaune a inuwa, tafintansa na duba takardu. Dokarsu ita ce duk baƙo sai ya faɗi sunan wanda zai sauka wurinsa.

"Inna, wurin wa za ki?" in ji tafinta.

"Wurin yaron nan."

"Yaya sunansa?"

Ta sunkuyar da kai tana kallon ƙasa. Ɗan fari ne. Shekara arba'in bakinta bai taɓa kama sunansa ba, kuma a motar babu wanda ya san shi.

Tafinta ya ce, "Inna, ni ma uwa ce ta haife ni, na san kunya. Amma takardar Nasara ba ta san ta ba."

Rana ta take. Wani falke, Lawal, ya fara faɗa. "Direba, gorona zai bushe! Bar ta a nan, in ta gaji da zama ai ta faɗa."

Sabo ya ce, "Yayyafa wa goronka ruwa, Malam. Ita wa zai yayyafa wa tata zuciyar?"

Ya je ya durƙusa a gabanta.

"Inna, ba sai kin buɗe baki ba. Ni zan kira, ke dai ki saurara."

Ya fara a hankali. Isa. Sani. Ɗahiru. Shu'aibu. Tsohuwa ba ta motsa ba. Motoci biyu suka zo suka wuce su, inuwar bishiyar bedi ta juya gabas, Sabo na nan durƙushe yana lalubo sunaye.

Can ya ce, "Idris."

Inna Kaltume ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Kafaɗunta suka shiga rawa.

Tafinta ya rubuta, Bature ya buga hatimi.

Sun shiga Maraɗi bayan la'asar. Sabo bai sauke kaya ba sai da ya tambayo gidan ya kai ta har ƙofa. Ta tarar da Idris da sauran numfashi. Ya buɗe ido ya gan ta, ta ba shi ruwa da hannunta ya sha. Kafin magariba ya cika, kansa a cinyarta.

Washegari da Sabo zai juya, ta riƙe hannunsa ta ce, "Allah Ya sa naka su same ka da rai." Shi ke nan abin da ta ce. Ya tsufa a kan hanyar nan, ya rasu a ɗakinsa 'ya'yansa na kewaye da shi.

Darasi: In ka ga mutum ya tsaya cak a inda kowa ke wucewa, kada ka tura shi, tambayi abin da ya riƙe shi. Ba kowa ke isa a kan lokaci ba, wasunmu kabari muka tarar. Ku isar da wannan ga masu gaggawa.