Ƙwaryar Farko ta Mai Gona

Jama'ar coci, ga wani misali: a wani ƙauye an yi wani manomi da ake kira Baban Rahila. Burukutu ta cinye masa awaki, ta cinye masa mutunci, har ta soma taɓa hantarsa. Wata rana ya rantse ya daina, kuma ya daina ɗin. Daga nan sai tafiya da buɗa kafaɗa, yana cewa, "Ni kaɗai na yi abina, ba wanda ya riƙe mini hannu."

Damina ta kankama, ciyawa ta taso wa dawarsa. Gonar ta fi ƙarfin mutum ɗaya, sai an yi gayya. To, al'adar garin ita ce mai gona ya girke tulun burukutu a gindin itace, ya sha ƙwaryar farko a gaban kowa, don a tabbata ba mugun abu a ciki. In bai kai baki ba, ba fartanyar da za ta taɓa ƙasa. Shi kuwa ya san kansa, ƙwarya ɗaya ba ta taɓa zuwa masa ita kaɗai ba.

Sai ya kira gayya da kunun tsamiya. Mutane suka zo, suka leƙa tulu, suka kwashe da dariya. "Baban Rahila, suna ake yi ko noma?" Suka saɓa fartanyoyinsu suka watse.

Ciyawa ta kai gwiwa, dawa ta fara ƙanjamewa. Matarsa ta ce, "Maigida, an ce akwai waɗanda suka bar sha, suna taruwa wani wuri. Ka tambayi mai bishara mana."

"Ni? In zauna cikin mashaya? Ai ni na warke."

"To, je ka gaya wa ciyawa."

Da safe ya tafi wurin mai bishara, ya gyara murya. "Malam, wani maƙwabcina ne ke neman inda masu barin giya ke haɗuwa."

Mai bishara ya ce, "Gaya masa, kowace Alhamis da yamma, gindin mangwaro, bayan tsohuwar makaranta a ƙetaren rafi. Ya sa wannan hular taka don su gane shi."

Ran Alhamis ya ƙetare rafi, yana waige-waige. Wa zai tarar yana shimfiɗa tabarma? Baba Zakka, tsohon da a dā ake turo shi gida cikin baro kowace ranar kasuwa. Ba wanda ya yi wa Baban Rahila wa'azi. Kowa ya faɗi yadda makonsa ya kasance, har wanda ya zame ya sha ya faɗa, ba a kore shi ba. Da aka zo kansa, sai ya ji bakinsa yana faɗin gaskiya: "Saura kaɗan in aika wa Kande mai burukutu ta dafa mini tulu."

Baba Zakka ya ce, "Ɗana, kana tsammani mu ba mu da gonaki? Sa rana."

Ranar ta zo, mutanen gindin mangwaro suka iso da fartanyoyinsu. Sai ga Kande da tulu a ka, ba wanda ya aike ta, masu dariyar nan suna biye da ita. Ta cika ƙwarya ta miƙa masa. "Mai gona ke buɗe gayya. Kurɓa ɗaya, a fita hakkin al'ada."

Ƙanshin ya bugi hancinsa, hannunsa ya kama rawa. Baba Zakka ya matso har kafaɗarsu ta haɗu, ya ce a hankali, "Naka na rawa? Dubi nawa."

Baban Rahila ya juya, ya ɗebo kunu a wata ƙwarya, ya ɗaga ta sama kowa ya gani, ya shanye tas, ya kife ta. "Mai gona ya sha na farko. Gayya ta buɗu! Wanda kunu bai yi masa ba, ga hanya."

Kafin rana ta yi tsaka, dawa ta sha iska.

Ga ma'anar misalin, ku kasa kunne. Ku 'yan bencin baya kuma ku daina zunguran juna. Na ɓata lokacina na shirya muku misali irin wanda ba a samu ko'ina, ku kuwa kuna can kuna neman gano wane ne Baban Rahila. Ba zan faɗa ba.

Gonar nan ranka ce, ciyawa kuwa sha'awar da ke dawowa ko bayan ka rantse. Rantsuwa tana da kyau, amma ba ta nome gona. Allah yakan aiko taimakonsa da ƙafafu biyu da fartanya, sau da yawa ma da hannu mai rawa irin naka. Irin taron nan na gindin mangwaro yana kusa da kai fiye da yadda kake zato. Tambayi fasto, tambayi ma'aikacin asibiti, tambayi wanda ka san ya daina. In kunya ta hana ka, ce maƙwabcinka ne, mun saba, ba za mu tona ba. Amma ran taron, kai za ka sa hular ka ƙetare rafin. Duniya za ta miƙo maka ƙwaryarta a gaban jama'a ta ce dole ne. Ba dole ba ne. Sai dai kada ranar ta same ka kai kaɗai.