Matar da Ta Share Tuwon Ƙwarinta

Akwai wata mace da ƙanenta ya dawo daga wata ƙasa mai nisa, ya kawo mata tsarabar ƙwari a cikin ɗan gwangwani. Ƙanana ne, ba su kai ƙwayar riɗi ba, waɗansu ja kamar garwashi, waɗansu shuɗi kamar rinin baba. Ba sa cizo, ba su da fiffike. In an taɓa su sai su yi tsalle su ɓace.

Matar ta samo babbar kwalba, ta jera gawayi a gindinta, ta zuba baƙar ƙasa, ta sa gansakuka daga bakin rijiya da busassun ganyen mangwaro. Ta yayyafa ruwa, ta juye ƙwarin a ciki, ta rufe. Kowace safiya raɓa takan taru a jikin kwalbar, ta gangaro a hankali kamar yayyafi. Matar takan zauna tana kallo har shayinta ya huce, tana ganin kamar wani daji ne da daminarsa ba ta ƙarewa, ƙwarin kuwa garke ne a wurin kiwo. Ganyen ya ruɓe, farar fumfuna ta fito, ƙwarin suka yi ta ƙaruwa.

Ana nan sai matan zumuntar cocinsu suka ce za su zo ran Asabar su gani da idonsu. Ta share tsakar gida, ta wanke labule. Da ta dubi kwalbar sai kunya ta kama ta, ta ce a ranta, "Za su ce ni ƙazama ce." Ta ɗauki tsinke ta tsince ruɓaɓɓen ganyen, ta goge fumfunar, ta shimfiɗa farin yashi da ta wanke sau uku.

Mata suka zo, suka ga ƙwarin suna walƙiya a kan yashin. Ɗaya ta ce, "Kai, wannan kwalba ta fi ɗakina tsabta, a ba ni haya mana!" Aka yi dariya. Amma wata tsohuwa mai lambu ta daɗe tana leƙe, sa'an nan ta ce, "Ɗiyata, ina tuwonsu?"

"Wane tuwo, Mama?"

"Na ga kin share ɗaki, kin haɗa har da tukunya."

Matar ta yi murmushi, ba ta gane ba.

Bayan 'yan kwanaki ƙwarin suka fara raguwa, har wata safiya ba ta ga tsalle ko ɗaya ba. Sai maganar tsohuwar ta dawo mata. Ta juya kwalbar, ta ga wani guntun ruɓaɓɓen ganye da tsinkenta bai kai gare shi ba, ƙwari bakwai sun taru a kansa suna ci. Su kaɗai suka rage. Ta fita gindin mangwaro, ta ɗebo ganyen da ta share da hannunta, ta mayar musu.

Ma'anar wannan misali ita ce: kwalbar ita ce zuciyarmu. Ruɓaɓɓen ganye shi ne kasawarmu, da baƙin cikinmu, da laifin da muke kunyar faɗa. Ƙwarin kuwa aikin alherin Ubangiji ne, wanda ba ya hayaniya, yana bin ruɓa a hankali har ya mai da ita ƙasa mai kyau. Sau da yawa mukan zo sujada da wankakken yashi. A tambaye mu gida, mu ce lafiya lau. Ko a addu'a ma haka muke ce wa Allah. Mutane su yaba, bangaskiya kuwa tana ramewa, domin mun ɓoye abin da Ubangiji ya zo gyarawa.

'Yan'uwa, ku share tsakar gida saboda baƙi, wannan daidai ne. Amma in kun durƙusa a makon nan, ku zo da ganyen nan ɗaya da kuka fi kunyarsa, ku ajiye a gabansa. A kansa zai fara aiki.