Sittin ɗin Haladu

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba. Haladu ake ce masa. Ubansa ma'aunin hatsi ne a kasuwa. Shi kuwa Allah ya ba shi kan karatu har ya shiga jami'a, aka sa shi sashen kwamfuta. Ku saurara: ranar da ya shiga, bai taɓa ɗora yatsa a kanta ba. A zamanin ba kowa ke da ita ba. Guda goma ne a ɗaki ɗaya, ɗalibai ɗari biyu, sai an bi layi.

Ni ban yi boko ba, ba na kuma jin kunyar faɗa. Amma an yi mini bayani na gane. Ita kwamfuta ba ta da wayo. Abin da ka rubuta mata shi take yi, ba ƙari ba ragi. Rubuta mata umarni daki-daki, ita ce sana'ar da Haladu ya je koyo. Dokar wurin kuma ɗaya ce: wanda ya faɗi darasin farko, an sallame shi.

Malamarsu, Dakta Asabe, ta ba su aiki: a rubuta umarnin da in an ba kwamfuta tsawon gona da faɗinta, za ta faɗi girman gonar. Ta yi misali a allo: tsawo goma, faɗi shida, amsa sittin.

Da layi ya zo kan Haladu, ya zauna yana neman haruffa da yatsa ɗaya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ya rubuta mata: nuna sittin. Ta nuna. Shi har ga Allah ya zaci aikin ke nan. Mai duba aiki ya leƙo a gurguje, ya ga sittin, ya ba shi maki cikakke. Makin nan ne ya tsallakar da shi, da ƙyar.

Bayan sati biyu, abokinsa Tasi'u ya same shi a gaban kwamfuta.

"Ɗan ma'auni, buɗe aikinka mu auna gonar babanka. Ina ake sa tsawon?"

"Wane tsawo?"

Tasi'u ya duba, ya kama ciki yana dariya. "Haba mutumina! To in gonar ta kai daga nan zuwa Makka fa?"

Haladu ya ce, "Sittin za ta ce."

"Ai ba lissafi ka koya mata ba, amsa ka cusa mata a baki. To ka ja bakinka. An riga an rubuta, wa zai tona?"

Ba wanda zai tona, jama'a. Ba wanda zai tona. Amma Haladu ya tuna ranar da mudun ubansa ya faɗi gindinsa ya lotsa. Lotsawar ba ta kai faɗin farce ba. Tsohon ya ƙi auna wa kowa ko ƙwaya ɗaya sai da maƙeri ya gyara.

Bayan azahar ya je ofishin malamar, ya yi sallama, ya tsaya hannu a baya.

"Malama, makin da aka ba ni ba nawa ba ne."

"Na wa ka kwafa?"

"Ban kwafa ba. Rashin sani ne." Ya gaya mata komai.

Ta dube shi ta ce, "Ka san in na goge, ka faɗi?"

"Na sani."

"Ka san dokar?"

Ya ce, "Na san ta, Malama."

Ta ja biro ta soke makin a gabansa. Sannan ta tashi daga kujerarta ta ce, "Zauna nan. Me babanka yake yi?"

"Awo."

"Mudu da hatsinsa yake zuwa kasuwa?"

"A'a, wayam yake zuwa. Abin da aka zuba shi yake aunawa."

"To yi wa kwamfuta mudu biyu, wayam. Ɗaya na tsawo, ɗaya na faɗi."

Sau bakwai yana rubutawa kwamfuta tana ƙi. Malama ba ta karɓe masa ba, ta tsaya kawai tana cewa, "Sake dubawa, ɗana." A na takwas ya sa tsawo ashirin, faɗi shida, kwamfuta ta ce ɗari da ashirin. Ya sa uku da uku, ta ce tara. Sai ga hawaye a fuskar ƙato.

Kuna jira in ce an mayar masa da makin? Ba a mayar ba. Malamar dai ta tsaya masa gaban manya, aka bar shi ya maimaita shekara. Su Tasi'u suka wuce suka bar shi a baya. Bai yi ƙorafi ba. Ya koma layi da sababbin shiga, ya koya daga tushe, kuma ya iya.

To ku ji. Wanda ya ci abin da ba nasa ba a cikin rashin sani, ba shi da laifi. Laifin yana farawa ne ranar da ya gane ya yi shiru. Kai tela, kai magini, ke mai koyarwa, kowa yana da sittin ɗin da aka yaba masa alhali ya san ba haka ba ne. Kun san naku. Ku je ku faɗa da bakinku tun kuna da iko. Allah ya ba mu zuciya irin ta Haladu.